Maganin Ciwon Sukari Da Tsokar Shanu

  

Sharhin yau ya haɗa abu biyu da ba a saba jin su a zance ɗaya ba. Na farko maganin ciwon sukari ne, wanda likitoci ke kira metfomin. Duk gidan da ke da mai wannan ciwo ya san shi. Farar ƙwaya ce da ake sha tare da abinci. Na biyu kuwa tsokar sa ce, jan naman nan da ke kan teburin mahauci. Masana sun daɗe suna bin diddigin abin da maganin ke yi wa ƙwayoyin halittar da ke gina tsoka. Ga amsar tun daga farko. Metfomin ba ya ƙara nama. Aikinsa shi ne ya sanar da ƙwayar halitta cewa abinci ya yi ƙaranci, ko da kuwa abincin na nan. Ƙwayar da ta ji wannan sanarwa sai ta rage gudu. A riƙe wannan magana, domin za a yi ta dawowa kanta.

Bari a fara da asalin maganin, don tarihinsa ya taɓa dabbobi tun kafin ya taɓa asibiti.

A Turai akwai wani tsiro dangin wake da ake kira galega. Masu maganin gargajiya na can sun daɗe suna ba da shi ga mai yawan fitsari da yawan ƙishirwa. Yau kowa ya san waɗannan alamomin ciwon sukari ne. A shekarar 1891 aka kai tsiron jihar Yuta ta Amurka da niyyar ya zama abincin dabbobi. Niyyar ba ta cika ba. Ganyen ɗaci gare shi, kuma yana da guba. Tumaki na mutuwa idan suka ci da yawa. Har yau hukumomin Amurka na lissafa shi cikin mugayen ciyayin da ake yaƙi da su.

To, sinadarin da ke cikin wannan tsiro yana saukar da sukarin jini. Shi ya ja hankalin masana ga danginsa. A 1922, a birnin Dablin, Emil Werner da James Bell suka haɗa metfomin a ɗakin gwaji. Aka bar shi a ajiye shekara da shekaru. Sai a 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon sukari, ya ga amfaninsa. Aka fitar da shi kasuwa da sunan Glucophage. Amurka ba ta fara sayar da shi ba sai 1995, saboda wani ɗan'uwansa mai suna fenfomin ya riga ya yi ɓarna a can, har aka janye shi. A 1998 wani dogon bincike da aka yi a Birtaniya ya nuna metfomin na rage mace-mace a tsakanin masu ciwon sukari masu ƙiba. Tun daga nan ya zama magani na farko da likita ke rubutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba.

Wannan ke nan game da magani. Yanzu a juya wajen tsoka.

Idan aka dafa naman sa ya yi laushi, za a ga yana rabuwa sili-sili. Kowane sili ɗauri ne na zaruruwa masu sirantaka ƙwarai. Kowane zare ƙwayar halitta ce guda, doguwa, mai cibiyoyi da yawa a cikinta. Wannan zare ba ya rabuwa gida biyu kamar sauran ƙwayoyi. Ba ya haihuwa. To, ta yaya maraƙi ke zama bijimi? Ta yaya tsokar da ta yage ke warkewa?

Amsar ta fito ne a 1961, a birnin Niyok. Wani masani, Alexander Mauro, yana duba tsokar ƙafar kwaɗo da madubin lantarki mai ƙara girman abu. Sai ya hangi wata 'yar ƙwaya a maƙale a gefen zaren, ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe shi. Ya yi hasashen cewa ajiya ce, an tanade ta don ranar gyara. Hasashen ya tabbata. Waɗannan su ne ƙwayoyin tushe na tsoka. Mutum na da su, ɓera na da su, sa na da su.

Yawancin lokaci barci suke yi. Idan dabba na girma, ko tsoka ta ji rauni, sai su farka. Su rabu biyu, biyun su zama huɗu, su yi ta yawaita. Daga nan mafi yawansu su narke cikin zaren, su ba shi cibiyoyinsu, zaren ya yi kauri. Kaɗan daga ciki su koma barci, don kada ajiyar ta ƙare. Farkawa, yawaita, narkewa. Duk ƙibar tsokar da ake gani a cinyar sa ta bi ta wannan hanya. Kuma kowane mataki yana cin ƙarfi mai yawa.

A nan ne maganin ke shigowa, masu sauraro. A kasa kunne da kyau.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta akwai 'yan injina da ke ƙona abinci su fitar da ƙarfi. Metfomin na shiga ya ɗan danne aikin waɗannan injina. Ƙarfin da ke cikin ƙwayar sai ya ragu. Akwai kuma wani sinadari da masana ke kira AMPK, wanda aikinsa lura da wannan ragi. Kamar mai gida ne da ke leƙa rumbu a tsakiyar bazara. Idan ya ga hatsi ya yi ƙasa, sai ya ce a dakata da ginin sabon ɗaki, a ɗage biki, a rage awo, har sai an ga kaka. Haka AMPK ke yi. Da zarar ya motsa, ƙwayar na tsayar da duk aikin da ke cin ƙarfi. Ƙera sabon nama na cikinsu. Tara kitse na cikinsu. Rabuwa biyu ma na cikinsu.

A 2001 ne masana a Amurka suka nuna cewa metfomin na motsa wannan sinadari. Daga baya an gano yana da wasu hanyoyin ban da wannan. Amma ga mai ciwon sukari sakamakon alheri ne: hanta na rage sukarin da take zubawa cikin jini. Ga ƙwayar tushe mai shirin gina tsoka kuwa, saƙon dai ɗaya ne. Abinci ya yi ƙaranci, a dakata.

Me gwaji ya nuna? Ga shi.

A 2019 masana a jami'ar Tor Vergata da ke birnin Rum na Italiya suka wallafa bincikensu a kan ɓeraye. Sun ciro ƙwayoyin tushe daga tsoka, suka zuba musu metfomin. Ƙwayoyin suka yi jinkirin farkawa. Suka daɗe a halin ajiya. Ba su yi saurin narkewa su zama zare ba. Maganin bai kashe su ba. Ya riƙe su ne a wuri ɗaya.

A wannan shekarar dai, jami'ar Kentaki da ta Alabama a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji a kan mutane. Dattawa ne 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda ba su da ciwon sukari. An sa su ɗaga ƙarfe na mako 14. An ba wasu metfomin, an ba wasu ƙwayar da ba magani a cikinta. Masu binciken sun yi zaton maganin zai taimaka. Akasin haka aka gani. Waɗanda ba su sha ba sun fi samun ƙarin tsoka. Ƙarfi dai ya ƙaru a ɓangarorin biyu, amma a cikar tsoka masu shan maganin sun kasance a baya. Abin yabo ne cewa masanan sun wallafa abin da ya saɓa wa zatonsu, ba su ɓoye ba.

Sai dai, jama'a, zancen na da wata fuska, kuma adalci ne a faɗe ta. Inda jiki ya cika da kitse, AMPK na yin sanyi fiye da kima. A irin wannan hali, motsa shi gyara ne. Tawagar wani masanin kimiyyar nama a Amurka, Min Du, ta nuna haka a 2011. Sun ɗauki 'ya'yan ɓerayen da uwayensu ke da ƙiba, waɗanda tsokarsu ta tashi da naƙasu. Da aka ba su metfomin, tsokar ta inganta. Ke nan aikin maganin ya danganta da halin da ya tarar da jiki. Jikin da abinci ya yi wa yawa, sanarwar ƙaranci na yi masa amfani. Jikin da ke neman girma kuwa, tana ja masa baya.

Wannan tawaga ta duba shanu ma. A 2008 ta ba da rahoto a kan naman gadon bayan shanun yanka. Inda AMPK ya fi motsi, kitsen da ke ratsa tsoka ya fi ƙaranci. Wannan kitse shi ne ke sa tsire ya yi taushi da maiƙo. Ashe abin da ake magana a kai yana nan a jikin sa, yana aiki dare da rana, da magani ko ba magani.

Wani zai ce, to me ya kai masana ga ƙwayoyin shanu musamman? Wannan tambaya za ta kai mu Landan.

Ranar 5 ga Agusta, 2013, aka soya wani curin niƙaƙƙen nama a gaban 'yan jarida a can. Ba a jikin sa ya girma ba. Farfesa Mark Post na jami'ar Maastricht da ke Holan ne ya ciro ƙwayoyin tushe daga tsokar shanu, ya rene su a faranti, suka yawaita, suka zama 'yan zaruruwa. Ya tara dubbansu ya dunƙule. Aikin ya ci kusan yuro 250,000, kuma Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, shi ya biya. Daga nan aka shiga tsere. Singafo ta amince da sayar da irin wannan nama na kaza a ƙarshen 2020. Amurka ta bi a 2023. Italiya kuwa a shekarar ta kafa dokar hana shi. Malaman Musulunci ma sun shiga zancen. Majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta yi fatawa a 2024, ta gindaya sharuɗɗa, ciki har da cewa ƙwayoyin su fito daga dabbar da ta halatta, kuma abin da aka ciyar da su ya zama halal.

Masu wannan sana'a na da wata babbar matsala. Ƙwayar tushe ta sa ba ta jure zaman faranti. Bayan ta yi ta rabuwa na wani lokaci, sai ta gaji. Ko kuma ta yi gaggawar zama zare tun ba ta yawaita ba. Wanda ke son tara nama mai yawa yana buƙatar ƙwayar da za ta daɗe tana haihuwa, ta jira sai an ba ta umarni kafin ta narke. Don haka ake ta neman sinadarin da zai riƙe ta. A 2018 masanan Maastricht suka nuna cewa toshe wata hanyar saƙo a cikin ƙwayar na sa ta daɗe da ƙuruciyarta. Metfomin na jan hankali a irin wannan nema, domin yana da arha, kuma an shekara sittin da ɗoriya ana sanin halinsa a jikin ɗan Adam.

Amma a duba da kyau. Abin da ya hana ƙwaya gaggawar narkewa shi ne kuma ke rage mata saurin yawaita. Mai masana'anta na son abu biyu a lokaci guda: ƙwayar ta zauna da ƙuruciya, kuma ta yi ta haihuwa. Maganin da saƙonsa shi ne a dakata yana ba da na farko ne ya tauye na biyu. A ra'ayin wannan sharhi, darajar metfomin a ɗakin bincike ta fi ƙarfi a matsayin abin gwaji. Da shi ake taɓa ƙwaya a ga yadda take lissafin ƙarfinta. Wannan ilimi ne mai tsada, ko da maganin bai taɓa shiga tukunyar masana'anta ba.

Yanzu ga gargaɗi, kuma shi ne sashen da ya fi shafar mai turke.

Faranti daban, sa daban. Yawan maganin da ake zuba wa ƙwayoyi a ɗakin gwaji sau da yawa ya ninka abin da ke yawo a jinin mai shan sa ninkin ba ninki. Abin da aka gani a faranti ba lallai ya faru a jikin dabba haka ba. Sannan cikin saniya ba irin na mutum ba ne. Mutum ya ci tuwo, hanjinsa ya tsotse sukari kai tsaye. Saniya kuwa mai tuƙa ce. Ciyawar da ta ci na zuwa tumbi, ƙananan halittun da ke can su narkar da ita ta zama wasu sinadarai masu tsami. Sukarin da ke shiga jininta daga hanji kaɗan ne. Kusan duk sukarin da take rayuwa da shi hantarta ce ke ƙera shi. Da shi take yin madara. Da shi take ciyar da ɗan da ke cikinta.

To, a tuna aikin metfomin a jikin mai ciwon sukari. Hana hanta ƙera sukari ne. Aikin da ke ceton mai ciwo shi ne ainihin aikin da saniya ta dogara da shi. Mai hankali ba zai kusanto da wannan magani bakin dabbarsa ba.

Ana faɗin haka ne don an san halin da ake ciki. Idan Babbar Salla ta gabato, wasu masu kiwon turke na shiga kemis su sayi maganin mutane su ɗura wa dabba don ta cika ido. Labarin kimiyya kuma kan iso kasuwa a karkace. Wani zai ji an ambaci maganin sukari da tsokar shanu a jumla ɗaya, ya ɗauka an gano sabon sirrin ƙiba. Ba a gano ba. Metfomin ba maganin kiwo ba ne. Ba ya ƙara nama. Sanarwar yunwa yake kai wa ƙwaya, ƙwayar ta rage gudu. Wanda ya ba sansa ya yi asarar kuɗi, ya jefa dabba cikin haɗari, ya kuma bar wa masu cin naman abin da ba su nema ba.

Duk da haka, akwai darasin da makiyayi zai ɗauka daga wannan bincike, kuma a nan ya kamata a ɗan daɗe.

Idan ƙwaya ɗaya ta magani na iya sa tsoka ta dakata don ta zaci ana yunwa, me yunwar gaske za ta yi? Masana kimiyyar nama sun tabbatar da wani abu mai nauyi. Yawan zaruruwan tsokar sa ana ƙayyade shi ne tun yana ciki. Saniya na ɗaukar ciki wata tara da 'yan kwanaki. Daga wajen wata na biyu zuwa na bakwai ne mafi yawan zaruruwan ke samuwa. Bayan haihuwa ba a ƙara sababbi. Waɗanda ke nan ne kawai ke yin kauri da tsawo, da taimakon ƙwayoyin tushe. Idan uwa ta sha yunwa a tsakiyar cikinta, maraƙin na iya fitowa da zaruruwa kaɗan. Dusa da ƙuli da harawar da za a tula masa daga baya za su taimaka, amma ba za su mayar da abin da bai samu a ciki ba.

A yawancin ƙasar Hausa damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar, a can arewa ma ba ta kai ba. Ke nan babu cikin saniyar da ba ya ratsa rani. Bunaji ce, ko Rahaji, ko Gudali, ko Azawak ta Nijar, duk haka ne. Ciyawa ta bushe, ruwa ya yi nisa, uwa na tafiya mai tsawo da ciki, wani lokaci ma ana tatsar ta. A cikin jikinta, da jikin ɗan da take ɗauke da shi, wannan sinadari mai lura da ƙarfi yana ta ba da umarnin a dakata.

Al'adar da aka saba ita ce a ware abinci mai kyau ga san da za a kai kasuwa, don shi ne kuɗinsa ke kusa. Saniya mai ciki a bar ta da kara da abin da ta tsinta. Ana fahimtar dalili, domin harawa tsada gare ta, aljihu kuma ba ya kai wa ko'ina. Amma bijimin da za a yi alfahari da shi a kasuwar Potiskum, ko Wudil, ko Maigatari nan da shekara huɗu, yanzu haka ake gina tsokarsa a cikin uwarsa. Damin harawar gyaɗa ko ta wake da aka ba ta a bazara, da 'yar dusa, da anguryar auduga, da kanwa, da isasshen ruwa, sun fi duk wata ƙwaya da za a sayo daga baya. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, da tashar Tukunus a Nijar, sun shekara da shekaru suna aiki a kan shanun wannan yanki. Ya dace malaman gona su riƙa kai irin wannan bayani ruga-ruga, cikin Hausa da Fulatanci.

Masu turke ma sun san wani abu da idonsu. Ramammen san da aka sayo ƙarshen rani, idan ya samu abinci da hutu da maganin tsutsa, yakan murmure da sauri. Ƙwayoyin tushensa ba su mutu ba. Suna nan a ajiye, suna jiran labari ya canja.

Kafin a rufe, ga magana ga masu ciwon sukari da ke saurare, iyaye da kakanni. Kada wannan sharhi ya sa wani ya ajiye maganinsa. Dattawan da aka yi wancan gwaji da su ba su da ciwon. Ga mai ciwon, sukarin da ya hau ya zauna shi ne ke cin tsoka, ya taɓa ido, ya taɓa ƙoda, ya taɓa ƙafa. A ci gaba da shan metfomin yadda likita ya rubuta. A riƙa tattaki, a riƙa motsa jiki. Wanda ya ga yana rama, ko ƙodarsa na da matsala, ya koma asibiti ya yi bayani.

Ku kuma makiyaya da masu turke, idan dabba ta ƙi cika, a kira likitan dabbobi ya duba haƙori, ya duba tsutsa, ya duba abinci. Duk maganin da ya ba da, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin yanka ko tatsa. Idan ana rabon harawa a bazarar bana, a sa saniya mai ciki a sahun gaba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya albarkaci garke.